Kaska Raɓi Mai Jini: Nazarin Halittu Ci-ma-zaune a Makarantun Abijan

1.0 Gabatarwa

Abijan shi ne birni mafi girma a ƙasar Kwaddibuwa, yana zaune a bakin wani makeken tafki mai haɗe da teku wanda ake kira Eburiye. Daga cikin unguwanninsa akwai biyu da Hausawa suka daɗe da sani. Ta farko ita ce Ajame, inda babbar tashar mota take, inda kuma matafiyi daga Maraɗi ko Yamai ko Bamako yakan fara sauke kayansa. Ta biyu ita ce Tireshbil, wadda take kudu da tsakiyar gari, sai an haye gada ake isa gare ta. Fataucin goro da na shanu ne suka fara kai Hausawa wannan ƙasa, daga baya wasu suka kama tireda da sayar da tsire. Har ma akwai wani abinci da ya shahara a birnin, dambun rogo da soyayyen kifi, wanda ake kira garba, galibi kuma ana danganta sunan da mutanen Nijar da suka yi fice wajen sayar da shi.

Waɗannan unguwanni biyu suna da wata daraja da ba kowane ɗan kasuwa ya lura da ita ba, wato a cikinsu da kewayensu ne ake da wasu manyan wuraren da ake koyon ilimin halittun da ke rayuwa a jikin ɗan Adam suna cutar da shi. Wannan takarda za ta yi bayanin abin da ɗalibi yake koya a wannan fanni, da kalmomin da Hausa ta tanada domin maganarsa.

2.0 Matsalar Suna

A Faransanci, wanda shi ne harshen koyarwa a Kwaddibuwa, sunan fannin parasitologie. Hausa ba ta da kalma guda da ta yi daidai da wannan. Idan aka ce "ƙwayar cuta" an haɗa komai da komai, har da ƙwayoyin tarin fuka da na ƙyanda, waɗanda ba sa cikin wannan darasi. Idan kuma aka ce "tsutsa" an bar abin da ke kawo zazzaɓin cizon sauro a waje, domin shi ba tsutsa ba ne.

Sai dai rashin kalma ba ya nufin rashin sanin abin. Manomi ya san kauci da ke tsirowa a kan reshen wata bishiya yana shan ruwanta, ya san ƙuduji da ke kama saiwar dawa da gero. Makiyayi ya san kaska, har ana yi mata kirari da "raɓi mai jini". Mutumin da ba ya aiki sai dai ya ci na wani kuwa, shi ake kira ci-ma-zaune. Wannan kalma ta ƙarshe ita za a ara a nan. Halitta ci-ma-zaune ita ce wadda take zaune a cikin jikin wata halitta ko a kan fatarta, tana ci daga gare ta, tana kuma cutar da ita. Wanda ake zaune a jikin nasa shi ne mai masauki.

Malamai sukan kasa waɗannan halittu gida uku. Akwai masu ƙwayar halitta ɗaya tak, waɗanda ido ba ya gani, kamar masu kawo zazzaɓin cizon sauro da ciwon barci da wani nau'in atuni. Akwai tsutsotsi, kamar macijin ciki da tsila da kurkunu da tsutsar tsargiya. Sannan akwai masu zama a kan fata, kamar ƙwarƙwata da ƙuma da kaska da ɗan ƙwaron da ke kawo ƙazwa. Abin lura a nan ga mai nazarin harshe shi ne, Hausa takan ba da suna ga abin da ido ya gani ko jiki ya ji. Tsargiya sunan ciwo ne, wato fitsarin jini, tundurmi kuma sunan kumburarriyar ƙafa ne. Shi kuwa littafin makaranta halittar da ta jawo ciwon yake sa wa suna, da harshen Latin. Ma'aikacin lafiya da ke karɓar marasa lafiya a Ajame dole ya iya tafiya tsakanin waɗannan hanyoyi biyu na sa suna.

3.0 Inda Ake Karatun

A kan hanyar da ta tashi daga Ajame zuwa Abobo akwai jami'ar da a da ake kira Jami'ar Abobo-Ajame. A shekarar 2012, lokacin da aka sake buɗe jami'o'in birnin bayan rikicin zaɓen 2010 zuwa 2011, an sauya mata suna zuwa Jami'ar Nangui Abrogoua, sunan wani shugaban ƙabilar Eburiye na Ajame. A nan ake koyar da kimiyyar halittu da ta muhalli. Sassan koyon likitanci da haɗa magunguna kuwa suna Jami'ar Félix Houphouët-Boigny da ke unguwar Kokodi, inda ake haɗa wannan darasi da na cututtukan da fumfuna ke kawowa. A cikin Ajame kanta akwai Cibiyar Kiwon Lafiyar Jama'a ta Ƙasa, wadda take da sashen binciken zazzaɓin cizon sauro. A Tireshbil kuma akwai asibitin koyarwa mai babban sashen cututtuka masu yaɗuwa, a harabarsa ne makarantar INFAS take, inda ake horar da ma'aikatan jinya da ungozomomi da masu aikin ɗakin gwaji.

4.0 Zagayen Rayuwa

Ginshiƙin darasin gaba ɗaya abu guda ne, shi ne zagayen rayuwa. Kowace halitta ci-ma-zaune tana da hanyar da take bi daga mai masauki zuwa mai masauki, kuma ba ta iya tsallake mataki ko ɗaya. Ana iya kwatanta ta da ayarin fatake na zamanin da. Ayari yana da garin da ya nufa, yana da zangon da dole ya yada a hanya, yana kuma da masu dako. Idan rijiyar wani zango ta ƙafe, tafiya ta tsaya, ko da kuwa babu wanda ya tare ayarin da yaƙi. Saboda haka ne malami yakan sa ɗalibai su zana zagayen kowace halitta da hannunsu har sai sun haddace, sannan ya tambaye su inda ya fi sauƙin yankewa.

Zazzaɓin cizon sauro shi ne misali na farko, domin shi ne babban abin da ke kai mutane asibiti a Kwaddibuwa. Mutanen Abijan suna kiransa palu. Wani likitan sojan Faransa mai suna Alphonse Laveran ne ya fara ganin halittar a cikin jinin mara lafiya a Aljeriya a shekarar 1880, sannan a 1897 Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro a Indiya. Sunanta Plasmodium, kuma nau'in da ake kira falciparum, wanda ya fi kisa, shi ne fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ake samu a ƙasar.

Ga yadda tafiyar take. Macen sauro, ta jinsin da ake kira Anopheles, ita ce mai cizo, domin tana bukatar jini kafin ƙwayayenta su nuna. Namiji ruwan furanni yake sha. Idan ta ciji mutum da dare takan zuba masa yawu, a cikin yawun kuma akwai 'ya'yan halittar, sirara kamar zare. Ba sa tsayawa a jini, hanta suke nufa, ita ce zangonsu na farko. A can sukan yi kamar mako guda suna hayayyafa, ƙwaya ɗaya ta zama dubbai, mutum kuwa yana ta harkarsa a kasuwa ba ya jin komai. Daga nan sai su fito su shiga jajayen ƙwayoyin jini. A cikin kowace ƙwayar jini halittar takan ci, ta girma, ta rarrabu, bayan sa'o'i 48 sai ƙwayar ta fashe, sababbi su fito su kama wasu. Wannan fashewa ce ke kawo rawar ɗari da zafin jiki. Yawan fashewar kuma shi ke sa jinin yaro ya ƙare, tafin hannunsa ya yi fari, saifarsa ta kumbura. Mafi muni shi ne, ƙwayoyin jinin da falciparum ya shiga sukan manne a cikin ƙananan jijiyoyi, idan kuwa a ƙwaƙwalwa suka manne sai yaro ya kama jijjiga ya suma. A gida sau da yawa akan ɗauka iska ce ta taɓa shi, a tsaya neman hayaƙi da tofi, alhali kowace sa'a tana da muhimmanci.

Wasu daga cikin halittun da ke jini sukan rikiɗe su zama maza da mata, su zauna suna jiran wata sauro. Idan ta zo ta sha jinin, a cikin cikinta suke haɗuwa, kuma sai sun yi kwana 10 zuwa 14 kafin 'ya'yansu su isa yawunta. Wannan lissafi yana da amfani ƙwarai, domin sauro da yawa ba sa kai wannan tsawon rai. Ke nan tsohuwar sauro ce mai hatsari. Gidan sauro mai magani ba sai ya kashe dukan sauron unguwa ba, ya isa idan ya rage musu kwana. Haka kuma allurar rigakafin R21, wadda Jami'ar Oksfod ta ƙirƙiro, wadda Kwaddibuwa ta zama ƙasa ta farko da ta fara yi wa yara ita a ranar 15 ga Yulin 2024, tana tarar halittar ne a 'yar gajeriyar tafiyar da ke tsakanin fata da hanta. Magungunan da aka haɗa da artemisinin kuwa, waɗanda suka maye gurbin kulorokwin a shekarun 2000 bayan ya daina aiki, a cikin jini suke yaƙinsu. Kowane makami da zangon da yake kai wa hari.

Akwai wani kuskure da ɗalibi yakan zo da shi daga gida, wato cewa baƙin ruwan kwata shi ne gidan sauron zazzaɓi. Sauron da ya fi son kwata mai wari wani jinsi ne daban, Culex, mai yawan kuka a kunne. Anopheles ya fi son ruwan da rana ke bugu, kamar wanda ya kwanta a sawun tayar mota, ko a ramin da magina suka bari, ko a lambunan kayan miya da ke cikin gari. Abijan tana da damina biyu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama a Oktoba da Nuwamba, don haka irin wannan ruwa ba ya yankewa. Duk da haka masu bincike sun lura cewa a biranen Afirka ta Yamma Anopheles ya fara sabawa da gurɓataccen ruwa.

5.0 A Ɗakin Gwaji

Rabin karatun a gaban madubin likita ake yin sa. Gwajin da kowa ya sani a Abijan shi ne wanda ake kira goutte épaisse, ma'ana ɗigo mai kauri. Akan huda yatsa, a ɗiga jini a kan ɗan gilashi, a baza shi kaɗan, a bar shi ya bushe, sannan a rina shi da wani rini mai ɗauke da sunan Gustav Giemsa, masanin Jamus da ya haɗa shi a farkon ƙarni na 20. Idan aka ƙara girman abin sau 1,000, halittar takan fito kamar ɗan zobe shuɗi mai jan dutse. Sabon ɗalibi yakan ga zobe a ko'ina, domin dattin rini ma yana kama da shi. Akan hana shi cewa "babu" sai ya duba aƙalla fili 100 na gilashin, idan kuma ya gani sai ya ƙirga, don a san ko ciwon ya yi nisa.

A yau akwai ɗan gwajin gaggawa da ke ba da amsa cikin minti 15 zuwa 20, wanda ba ya bukatar lantarki. Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa gwaji kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, shawara ce kuwa mai kyau, domin kalmar palu, kamar kalmar zazzaɓi, ta zama buhun da ake zuba kowane zafin jiki a ciki. Yaron da ke fama da taifot ko ciwon huhu, idan aka yi ta ɗura masa maganin palu daga teburin mai sayar da magani a tasha, an ɓata masa kwanakin da ba su dawowa. Amma gwajin gaggawa bai kori madubi ba. Wani sinadari na jikin halittar yake ganowa, sinadarin kuma yakan daɗe makonni a jini bayan an warke. An ma sami wasu nau'o'in falciparum a Eritiriya da Peru da ba sa fitar da shi sam.

Asibitin Tireshbil yana da nasa tarihin a wannan fanni. A ƙarshen shekarun 1980 da cikin 1990, lokacin da ƙanjamau ya yi tsanani a Abijan, likitoci sun ga yadda wata halitta mai suna Toxoplasma take kama ƙwaƙwalwar masu ciwon. Ana samunta daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba, kuma mutane da yawa suna ɗauke da ita ba tare da ta dame su ba, sai garkuwar jiki ta faɗi take tashi. Bincike biyu da aka gudanar a Abijan, aka wallafa a 1999, sun nuna cewa wani magani mai araha, kotirimokzazol, yana rage ciwuka ga masu ƙanjamau idan suna sha kullum, daga baya aka ɗauki wannan hanya a Afirka baki ɗaya.

Batun nama ya shafi tsila ma. 'Ya'yanta suna kwance a cikin tsokar saniya kamar ƙwayar shinkafa, shi ya sa ake duba nama a mayankar Port-Bouët kafin ya shiga kasuwa. Tsiren da ya gasu har ciki ba ya ɗauke da ita da rai.

6.0 Tsargiya da Madatsun Ruwa

Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar tsargiya a Alƙahira a shekarar 1851. Mace da namiji suna zaune manne da juna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara ko hanji, suna iya shekaru a haka. Ƙwayayensu ne ke ciwon, domin kowane ƙwai yana da ƙaya, da ita yake keta naman mafitsara ya fita tare da fitsari. A nan ɗalibi yakan koyi wani bambanci da ake yawan tambaya a jarrabawa: ƙwan tsargiyar mafitsara ƙayarsa a ƙarshe take, na tsargiyar hanji kuma a gefe. Akan karɓi fitsarin gwaji tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwai ya fi fita.

Idan fitsarin ya shiga rafi ko tafki sai ƙwan ya ƙyanƙyashe, ɗan ya nemi katantanwar ruwa, ita ce zangonsa. Daga jikinta dubbai suke fitowa masu wutsiya, su huda fatar mai wanka ko mai wanki ko masunci. Ba ta baki suke shiga ba, saboda haka tace ruwan sha kaɗai ba ya hana tsargiya. A wasu ƙauyuka, har da na ƙasar Hausa, an daɗe ana ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar cewa yaro ya fara girma. Gaskiyar magana ita ce yana rage jini, yana iya lalata ƙoda, kuma yana da alaƙa da kansar mafitsara.

Kwaddibuwa ta ba da misalin da ake karantawa a ƙasashe da yawa. An gina madatsar ruwa ta Kosu a kan kogin Bandama a farkon shekarun 1970, da ta Tabo a ƙarshensu, domin samar da lantarki. Ruwa ya kwanta, katantanwa ta sami gida. Wani bincike da aka wallafa a 1997 ya nuna cewa tsargiyar mafitsara ta tashi daga kashi 14 zuwa 53 cikin 100 a kewayen Kosu, a Tabo kuwa daga babu zuwa kashi 73. Duk wanda ya san madatsar Tiga da gonakin rani na Kadawa a Jihar Kano zai gane labarin. Maganin ciwon, farazikwantel, akan raba shi ga 'yan makaranta, yana kuma kashe tsutsar, amma yaron da ya sha yau ya koma tafki gobe zai sake ɗauka.

7.0 Waɗanda Aka Yanke wa Hanya

Ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ɗan'uwan sammoren shanu, ya daɗe a gonakin koko da kofi na yankin Bonon da Sinfra. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa ya daina zama barazana ga lafiyar jama'a a Kwaddibuwa, bayan shekaru ana bin ƙauyuka ana gwaji ana kuma kafa wa ƙudan tarko.

Kurkunu ya fi kowanne nuna amfanin sanin zagayen rayuwa, domin ba shi da magani, ba shi da allurar rigakafi. Mutum yakan sha ruwan kududdufi mai ɗauke da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwarin ruwa da suka haɗiye 'ya'yan tsutsar. Bayan kamar shekara guda macen, wadda tsawonta kan kai mita ɗaya, sai ta ɓullo a ƙafa da ƙuna mai tsanani. Mai ciwon yakan tsoma ƙafar a ruwa don ya ji sanyi, abin da tsutsar take jira ke nan, nan take ta zuba 'ya'yanta. Da ma Hausawa sun san yadda ake naɗe ta a jikin ɗan tsinke kaɗan-kaɗan har ta fita, sun kuma san tana kwantar da manomi daidai lokacin da gona take bukatarsa. Abin da aka ƙara shi ne ƙyallen tace ruwa, da rijiyar burtsatse, da hana mai ciwo shiga tafki. A 1986 an ƙiyasta masu kurkunu miliyan 3.5 a duniya, a 2023 kuwa mutum 14 aka samu. A watan Disambar 2013 aka ba Kwaddibuwa da Nijar da Nijeriya shaidar rabuwa da shi a lokaci guda.

Ɗalibin Abijan na yau a hoto yake ganin kurkunu, amma ba a cire shi daga darasi ba. An gano tsutsar tana kama karnuka a Chadi, kuma a 2023 an sami mutum ɗaya da ita a Mali, wadda take iyaka da Kwaddibuwa ta arewa. Tun da tana shekara a jiki ba a sani ba, mutum yana iya shan ruwan a can, ya hau mota ya sauka a tashar Ajame, ya yi watanni yana sana'arsa kafin ƙafarsa ta tashi. Ma'aikacin jinyar da zai duba ƙurjin, shi ake so ya gane shi tun ranar farko, ya ɗaure ƙafar, ya kuma kai rahoto cikin sa'o'i 24.